Kafin Kan Ɓarawo Ya Huce

Da la'asar ne, a gidanmu na Badagishiri. Inna, mahaifiyata, tana kwance da zazzaɓi bayan haihuwa. Kaka ta kira ni ta ce, "Maigidana, tahi bakin fadama ka yanko mini kan ɓarawo."

Na zare ido. Ta yi dariya, karon farko a ranar. "Haki ne, matsoraci! Mai dunƙulen kawuna a jikin kara."

Da na kawo, ta zaunar da ni gaban murhu, ta ce magani da tsari yake. Da fari a wanke. Sannan a tafasa. Sannan a tace a ƙwarya. "Daga ƙarshe a bari shi sha iska, kada shi ƙona mata baki."

Na riƙe ƙwaryar ina hurawa, tururin mai ɗaci yana shiga hancina. Bai gama hucewa ba salati ya tashi daga ɗaki. Inna ta cika. Kaka ta karɓi ƙwaryar, ta zubar a gindin danga.

Har yau komai nawa bi da bi nake yin sa. Shayi ne kaɗai nake sha da zafinsa. Ba na iya jira ya huce.