Kurkunun Wani Masunci

"Ku dubi Malam Atiku," in ji likita Bature, ni kuma na fassara wa taron Kalgo da babbar murya. "Tafasasshen ruwa kaɗai yake sha, shi ya sa kurkunu bai taɓa fito masa ba."

A shekarar 1955 ne. An aro ni daga ofishinmu na Gwandu in yi masa tafinta, yana binciken kurkunun da ke kwantar da manoma kowace damina. Ni ne Malam Atikun, ni ne hujjarsa, ina tsaye cikin gajeren wando da doguwar safa har gwiwa. Har ya yi alkawarin sa sunana a rahotonsa. Ban ga dalilin damunsa da cewa ruwan tafki ya fi mini garɗi ba.

Sai Inna Jummai, tsohuwar da ke cire wa mutane kurkunu, ta miƙo wani naɗe a tsinke. Likita ya auna tsawonsa, ya ce in tambaye ta na wane ne.

"Na ɗan nan naka ne," in ji ta. "Jiya muka gama na ƙafar dama. Ya zo da sahe, na hagu ya leƙo."

Na gyara tsayuwa, na ce da Turanci, "Na wani masunci ne, jahili."

Likita ya rufe littafinsa, ya dube ni, ya ce da Hausar da ban san yana ji ba:

"Sannu, masunci. Cire safar."