Farin Ƙyalle Don Mista Valdemar

Graciete ta shigo kicin ta tarar da mijinta Abílio yana yayyanka fararen ƙyallayen teburin gidan abincinsu da almakashi.

"Kai, Abílio! A kan katako baƙi za su ci kifin?"

"Su ci a ƙasa ma in sun ga dama. Lahadin nan sai mutumin nan ya bar mana gari."

Mutumin nan shi ne Mista Valdemar, kocin kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garin. Kowa kuwa ya sani, in 'yan kallo suka ɗaga wa koci farin ƙyalle, sallama ce: tattara naka ya naka.

Laifinsa ɗaya ne a wurin Abílio, amma ya fi dubu. Telmo, ɗansa tilo mai shekara goma sha tara, shi ne yaron da duk arewacin Portugal ke magana a kansa. In kulob ya tafi wasa wani gari, Telmo ne ke cin ƙwallo. Da aka kira shi tawagar matasan ƙasa, ya je har Poland ya zura biyu. Duk wannan a talabijin ɗin da ke saman firji Abílio ya gani, yana juya kifin sadin a kan gawayi, don mai gidan abinci a bakin tashar jiragen ruwa ba ya tafiya. Awa biyu kawai yake rufewa, ranar Lahadin da ake wasa a gida.

A irin ranar nan kuwa, Mista Valdemar sai ya ajiye yaron a benci.

Sau ɗaya ya sa shi a gida, a farkon kakar wasa. Ranar ƙafar Telmo ta rikice, ya yi ta miƙa wa abokan hamayya ƙwallo, aka cire shi kafin a tafi hutu. Abílio ya ce koci ne ya sa shi a gurbin da ba nasa ba. Shi fa Abílio ya san ƙafar nan. Shi ya rene ta tun yaron bai kai tsayin tebur ba, daga kujerarsa da ke bayan benci, da muryar nan tasa mai kama da ƙahon jirgi: "Ɗaga kai, jaki! Hagu na ce! Anya ni na haife ka?" Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Yanzu ga gasar matasa ta Turai ta ƙarato, an kuma ce wanda ba ya buga wasa kowane mako ba zai shiga jirgi ba.

"Baba, don Allah ka ƙyale Mista," in ji Telmo ranar Alhamis, idonsa a kan miyarsa.

"Ka ji shashasha. Ana yanka ka kana riƙe wa mahauci wuƙa. Ci abincinka."

Lahadi Abílio ya tsaya a ƙofar fili yana raba ƙyallaye kamar sadaka. Masunta suka karɓa, matan kasuwar kifi suka karɓa, har tsoho Zeferino mai aski, wanda ya ce shi dai a ba shi biyu.

Aka ci kulob biyu da nema. Kafin a tashi, filin ya yi fari fat, kamar tsuntsayen teku a kan jirgin da ya dawo da kamu. Abílio ya leƙo ta saman benci har miyansa na sauka a kan rufin rumfar bencin.

"Mahassadi! Mugun tsoho! Koma ƙauyenku ka yi kiwon awaki!"

Mista Valdemar bai waiwayo ba. Telmo kuwa ya ja hular rigarsa ya rufe kai, ya dafe kunnuwansa. Abílio ya ga haka, ya ce a ransa: dubi yadda baƙin ciki ke cin yaro.

Litinin da hantsi aka sallami koci. Abílio ya bar gawayi yana ci, ya tafi har wurin ajiye motoci don ya ga fitarsa da idonsa. Ya same shi yana saka jaka a bayan tsohuwar motarsa.

"A sauka lafiya, Mista. In ka rasa aiki, ina neman mai fere dankali."

Kocin ya rufe but ɗin motar a hankali. "Na gode, Senhor Abílio."

"Daga yau ɗana zai buga a gaban mahaifinsa. Kuma ka ji in faɗa maka, gasar Turai ma da ni za a je. Na yanke shawarar rufe shago. Duk inda ya taka ƙwallo, ina nan bayansa."

Mista Valdemar ya riga ya buɗe ƙofar mota. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon mabuɗin da ke hannunsa, kamar mai auna nauyin alkawari.

"Na rantse masa ba zan faɗa ba. Na kuma riƙe har aikina ya tafi. Amma gobe ba na nan, ba mai tare masa kuma." Ya ɗago ya dubi Abílio, ba fushi a fuskarsa. "Kada ka je gasar nan. Ni ban taɓa hana Telmo wasa ba. Shi ya zo ofishina yana kuka, ya roƙe ni kada in ƙara saka shi a duk filin da zai ji muryarka."