Gidan da Ya Ƙi Rubuta Lamba

Kwana uku ke nan manhajar Injiniya tana faɗuwa warwas, kuma kullum a wuri ɗaya.

Aikinta ba wani mai wuya ba ne. Benen da suke haya gida ashirin da huɗu ne, tankin ruwa ɗaya. Kowace safiya kowane gida zai shigar da yawan mutanensa ta waya, manhaja ta tara, ta sakar wa kowa ruwa daidai kasonsa. Injiniya ne ya yi ta cika baki a taron 'yan haya har aka ajiye tsohon littafin mai kula da bene.

Sai dai yaren kwamfutar da ya rubuta ta da shi ba ya tambayar baƙo daga ina yake. Ka ba shi lamba ya karɓa, ka ba shi rubutu ya karɓa. Sai an zo tarawa ya ja ya tsaya, ya ce shi ba ya haɗa lamba da rubutu. To wani gida, maimakon ya danna 4 ko 6 kamar kowa, sai ya zuba zance guda.

Mai kula da bene ya tare shi a matakala, bakinsa har kunne. "Injiniya, zuwa jibi in ba ta gyaru ba, littafina zan ɗauko. Biro bai taɓa kunyata ni ba."

Maganar ta yi masa ciwo, wallahi. A teburin karin kumallo ya sauke haushin.

"Wane irin mutum ne wannan? Lamba ɗaya ta gagare shi!"

Matarsa ta ture kofin kofinsa nesa da hancinta. Shekara shida tana jin irin wannan mitar. "Ƙila lambar ce ba ta ishe shi ba," ta ce.

Ya shige ƙaramin ɗakin nan da suka yi wa fenti ruwan ƙwai a shekarar aurensu, wanda daga baya ya koma ofishinsa. Ya umarci manhajar ta mai da duk abin da aka ba ta lamba da ƙarfin tsiya. Ta ƙi. Sai ya yi mata dabarar malalata: duk abin da ba lamba ba, ta watsar, ta ɗauka gidan babu kowa, ta wuce.

Ta tafi sumul. Injiniya har da taka rawa a falo. Matarsa, da ke kwance a kujera da rana tsaka, ta bi shi da ido kawai.

Washegari ya gama cuɗa kansa da sabulu, ya murɗa famfo. Shiru. Ya sake murɗawa. Ko ɗigo. Ga ƙarar ruwa yana ji shaaa a banɗakin maƙwabci. Ya zagi injin tura ruwa, ya zagi mai gyaran famfo, ido a rufe, kumfa na shiga kunne. Gida ɗaya ya rasa ruwa, ai mai littafi ya yi nasara ke nan.

Matarsa ta miƙo masa buta ta bayan ƙofa, tana dariya har da riƙe ƙugu.

"Wai tsakani da Allah, ka taɓa karanta abin da mutumin ya rubuta?"

"Kuskure ne. Me zan karanta a kuskure?"

"To, Allah ya ba da sa'a."

Da tawul a wuya ya zauna gaban kwamfuta, yana ƙunƙuni. Ya ƙara layi ɗaya tak: kafin manhajar ta watsar, ta nuna masa. Ya shirya ashar ɗinsa tsaf domin wannan maƙwabci.

Allon ya kawo lambar gida, sha ɗaya, wadda ke manne a ƙofar shi Injiniyan. A ƙarƙashinta, saƙo ɗaya daga wayar matarsa, safiya huɗu a jere: "Mu biyu ne, Injiniya, amma nan da wata bakwai a ƙara mana ruwan mutum ɗaya."