Ruwan Barandar Sama

Ƙarfe bakwai daidai ruwan ya fara ɗigowa daga barandar sama, ya sauka a kan singiletin da Hedimasta ya shanya. Ya duba agogo, ya ɗauki waya, ya aika saƙon da ya saba: "Ta yi ban-ruwa."

Shekara biyu ke nan da aka naɗa shi wannan muƙami, ba albashi, ba hutu. Gwaggo, tsohuwar da ke zaune a samansa, ita kaɗai ce a gidanta, ga kunne ya yi nauyi, waya kuwa kayan ado ta ɗauke ta. Barandarta ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, to da ta rasa ƙasa sai ta yi gonarta a iska: tukwanen roba ashirin da ɗoriya a rataye da igiya hawa-hawa, na'ana'a a ƙasa, tumatir a tsakiya, barkono can kusa da rufi. Kullum da safe sai ta ɗaga buta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, rarar ta zubo wa maƙwabci. 'Yarta, wadda aure ya kai ta garin da sai an wuni a mota, ita ta gano cewa ɓarnar tana da amfani.

"Baba, in dai ruwa ya sauko, Mama ta tashi lafiya. Ka riƙa sanar da ni."

Hedimasta ya yi shekara talatin yana koyar da kimiyya. Bai yarda da mafarki ba, bai yarda da faɗuwar gaba ba. Ya yarda da ruwa, domin ana iya taɓa shi.

Ran Laraba 'yar ta kira, jaririnta na kwana goma yana tsala kuka a gefe.

"Baba, tun jiya ba ta ɗaukar waya."

"Da can yaushe ta taɓa ɗauka? Ta jiƙa mini kaya da safen nan, kuma a kan lokaci. Da alama tsufa ya koya mata abin da na kasa koya wa ɗalibai."

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Tiyata aka yi mata, likita ya hana ta ko hawa mota.

Bayan ya ajiye wayar ya zauna yana sauraron rufin ɗakinsa. Ran Litinin ya yi wa Gwaggo ganin ƙarshe, lokacin da buge-bugen guduma ya ishe shi ya ɗaga murya yana tambayar me ake rushewa. Ta leƙo ta tsakanin tukwane ta ce, "Kafaɗa ce, Malam, ta ƙi ɗaguwa." Haka hirarsu take, shi da tambayarsa, ita da amsarta.

Ran Alhamis ruwa ya sauko bakwai daidai. Jan silifas ɗinta ne dai bai ji ba. Ya daki rufi da sanda sau uku, shiru. Mai gadi ya tafi jana'iza ƙauyensu, gidan da ke kallon nata ba kowa a ciki tun bara. Matakala goma sha takwas ce tsakaninsa da Gwaggo. Gwiwoyinsa suka raka shi zuwa ta biyar, suka ce iyakarsu ke nan. Ya zauna a nan yana kiran "Gwaggo" har muryarsa ta dushe, sannan ya sauko da jan gindi, abin da bai sa a cikin rahoton ranar ba.

Ya gaya wa kansa cewa marar lafiya ba ya ɗaga buta sau ashirin. Hujja ce mai ƙarfi. Bai ci abincin rana ba.

Ran Juma'a ya tsaya a baranda tun kafin bakwai, ya tara tafin hannu. Da ɗigon farko ya sauka sai da ya yi ajiyar zuciya. Yana cikin rubuta saƙon aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani magidanci ne da jakar kayan aiki, ya ce shi mai gyaran famfo ne.

"Sannu, Baba. Na yi ta buga ƙofar sama, ba a amsa ba. Sifanata na manta ran Litinin."

"Famfonta ne ya lalace?"

"A'a, saboda kafaɗarta ne. Siririn tiyo na bi tukwanen nan da shi, na ɗaura ɗan agogo a bakin famfo. Ko ba kowa a gidan, bakwai na yi zai ba su ruwa da kansa."