Duniyar da Ta Rage Nauyi

"Shekara tara kana Turai," in ji kawunsa a gaban dattawan garin Buza. "Hwaɗa muna mi ka karanto."

Saurayin ya matso tsakiyarsu, ya gyara murya.

"Ina auna nauyin duniyoyin da ke kewaya wani sabon tauraro. Wadda ta matsa kusa da shi, zafinsa yakan kwashe iskarta, ta rage, sai dutse tsirara."

"Ita ta san ta rage?"

"Ina fa, Kawu! Sai masu kallo ke gani."

Idanun dattawan duk suna ƙasa. Ya ɗauka ilimin ne ya fi ƙarfinsu, har ya ji daɗi. Sai ya bi kallonsu. Takalmansa ne, da ƙurar tasha, a tsakiyar tabarmar da suke salla.