Kafson Koren Shayi

Barau ya shaƙe Abdulrazak mai farmasi, ya haɗa kansa da bango. Jini ya ɓalle masa ta hanci, haƙori ya faɗo ƙasa.

"Ƙwayar ƙarin jinin da ka sayar wa matata jabu ce. Tana can kwance da tsohon ciki, jininta ya ƙare."

Ya ɗauki benci ya sauke masa a hannu, ƙashin ya karye. Da ƙyar mutanen kasuwar Bande suka ɓamɓare shi.

Da jini a rigarsa Barau ya isa asibiti, ya tarar likita tana zazzage jakar matarsa Nazifa.

"Ƙwayar nan mai kyau ce," in ji likita. Sai ta ɗaga wata koriyar kwalba. "Wannan kafson koren shayi ne. In ana haɗa su, yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, jini ba ya ƙaruwa. Wa ya ba ki?"

Nazifa ta yi murmushi, leɓɓanta fari fat.

"Maigidana ne ya kawo mini tsaraba daga Kano, don in yi ƙarfi. Kullum da hannunsa yake ba ni, bai taɓa mantawa ba."