Daddawar Uwani da 'Yan Aiken Ƙarfe

Tunda 'yan aiken ƙarfe, wato mutum-mutumin da ake aika, suka karɓe cefanen gari, ba sa ɗanɗanawa, ba sa shinshinawa. Abin da mai kaya ta faɗa game da kayanta kawai suke karantawa. Uwani mai daddawa, don kunya, cewa ta yi a rubuta mata: "Ana dai ƙoƙari." Maƙwabciyarta Kande kuwa, wadda a hannun Uwani ta koyi sana'ar, ta ce: "Kalwa zalla, babu waken suya, ba ta tsutsa."

Yau ma layi a ƙofar Kande yake. Uwani tana leƙe ta katanga, sai ta hango ɗan aiken ƙarfen gidanta a cikin layin. Ta juyo kan mijinta.

"Malam, kai ka aike shi can?"

"Ni dai daddawa mai kyau na ce masa."